Kwana Bakwai da Gatarin Aradu

Ƙwal! Ƙarar da wani ɗan dutse ya yi ke nan da ya suɓuce daga cikin tsumma ya faɗa tasar Inna, wata hantsi a gidanmu na Fagge. A watan nan mahaifina, Malam Isyaku na loko, wato ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa, ya cika shekara arba'in da ɗaya da rasuwa, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. 'Ya'yana sun daɗe suna cewa in rubuta wani abu a kansa tun idona na da sauran gani. Na zauna na yi ta juya abin da zan faɗa, duk inda na bi sai in tarar ƙarar nan tana jirana. Ina 'yar shekara tara lokacin da na ji ta, Turawa ba su tafi ba tukuna.

Damina ce ta faɗi, Inna ta fito da akwatin ƙarfen Baba tsakar gida tana shanya kayansa don kada su yi fumfuna. Daidai lokacin Goggo Hansai, matar maƙwabcinmu Malam Tanimu mai goro, ta shigo aron rariya. Idonta ya sauka a cikin tasa. Dutse ne baƙi, bai fi tsawon tafin hannu ba, sumul kamar an shafa masa mai, bakinsa ɗaya mai faɗi da kaifi, gindinsa tsukakke. Ta ja da baya har tana taka zaninta.

"Innalillahi! Delu, gatarin aradu kuke ajiyewa a ɗaki?"

Inna ta ce, "Wane irin gatari? Tarkacen Malam ne kawai."

Goggo Hansai ta fita ba ta ɗauki rariyar ba.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin maganar nan ba sai an yi musu bayani. Mun taso muna jin cewa idan tsawa ta faɗi, da ɗan gatarin dutse take saukowa, ya nutse cikin ƙasa. Wanda duk ya tono shi ya ajiye, an ce yana iya tura aradu kan ɓarawo, ko kan wanda ya ɓata masa rai. Don haka ba a ganin irinsa sai a hannun boka. Baba kuwa makanikin kan jirgi ne, mai yawan tambaya, ba ya wuce abu bai juya shi ya ga bayansa ba. An taɓa kai shi aiki wajen Jos, masu haƙar kuza suka tono dutsen nan a cikin rami mai zurfi suka jefar don tsoro. Wani akawu ya gaya masa cewa Turawa na tara irinsu, wai mutanen farko ne suka yi su tun ba a san ƙarfe ba. Baba ya sa shi a aljihu ya kawo Kano, ya naɗe a tsumma, shekara da shekaru ba wanda ya sani.

Abin da ya ɓata lamarin, akwai 'yar tsama tsakaninsa da Malam Tanimu. Indararon soron Malam Tanimu a jikin katangarmu yake zuba, duk ruwan da aka yi sai ya ci wani wuri. Sun yi cacar baki a kai a ƙofar gida, unguwa duk ta ji. Mu yara ba ruwanmu. 'Yarsa Asabe ita ce ƙawata, tare muke zuwa makarantar allo, tare muke ɗan girkinmu na ƙasa a zaurenmu.

Ba a yi mako biyu da ganin dutsen ba, wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Ina taya Inna kwashe shanya aka yi wata walƙiya, tare da ita ƙara ta zo, har na ji haƙorana sun haɗu. Sai kururuwa daga bayan katanga. Tsawa ta faɗa kan bishiyar da ke tsakar gidan Malam Tanimu, Asabe kuwa tana gindinta tana kwance akuya. Akuyar ta mutu nan take. Asabe aka ɗauke ta kamar gawa, aka yi ta kwara mata nono, don an ce wutar aradu ba ta jin ruwa. Ta farfaɗo, amma ido kawai take juyawa, ba magana. A kafaɗarta wani zane ya fito ja, mai rassa kamar saiwar bishiya.

Kafin gari ya waye magana ta gama Fagge. Ba wanda ya zo ya tambaye mu. Mai ruwa ya riƙa wuce ƙofarmu da tulunansa kamar bai ji kira ba. Matan da ke kawo wa Inna saƙa suka ɗauke ƙafa. Baba ya dawo daga sallar Azahar, daga baya muka ji cewa da ya shiga sahu, na damansa da na hagunsa sun matsa, an bar shi da fili kamar kuturu. Maza suka riƙa taruwa a ƙofar Malam Tanimu, in Baba ya fito sai hira ta ɗauke. Na ji wani da kunnena yana cewa, "Yarinyar nan dai ta cika, a ga abin da zai hana gidan can cin wuta."

Ranar Juma'a mai unguwa ya aiko kiran Baba, aka ce ya zo da dutsen. Abin da ya faru a zauren, a bakin Baba na ji shi, ya kuma sha maimaita mana. Malam Tanimu ya ce shi ba ya neman komai sai a fitar masa da matsafi daga unguwa. Baba ya ce shi Musulmi ne ɗan Musulmi, dutsen nan kuma ba daga sama ya zo ba, hannun mutum ne ya yi shi. Aka yi dariya. Wani ya ce, "Wane mutum? Ɗan wace unguwa?" Baba ya ce mutanen da ne, jahilai, waɗanda ba su san ƙarfe ba, ba su san karatu ba. Ganin ba wanda ya yarda, zuciya ta ɗebe shi ya ce, "Ku ba ni daga Juma'ar nan zuwa ta sama, zan yi muku irinsa." Mai unguwa ya karɓi dutsen ya sa a ƙarƙashin buzunsa. Ya ce, "Na ji. In ka kawo, magana ta mutu. In ba ka kawo ba, Isyaku, ka kwashe iyalinka da hannunka, tun ba a taya ka kwashewa ba."

Baki shi ke yanka wuya. Baba ya fito daga zauren nan hankalinsa kwance, don a ganinsa abin da jahilin daji ya yi, mai kwance kan jirgi ya ɗaure ba zai kwana biyu a kansa ba. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya zo da guduma da magagarin goge ƙarfe, ya tara duwatsu a bayan ɗaki. Ranar farko ya fasa guda shida. In ya buga a hankali dutse ya ƙi motsi, in ya buga da ƙarfi ya tarwatse. Ya koma ga magagari, haƙoran magagarin suka cinye, dutse na nan yadda yake. Rana ta uku wani ɓallin dutse ya tsaga masa gira, jini ya rufe masa ido. Ina tsugune ina kallonsa. Ta bayan katanga kuma ba ka jin komai sai tasbihin Goggo Hansai da kukanta. Asabe ba ta yi magana ba har yanzu, ko kunu sai an ɗura mata.

Inna ta fara ɗaure tukwane a ɓoye. Ina za mu? Baba a Fagge aka haife shi, kabarin iyayensa na nan, aikinsa na nan. Kuma wanda aka kora da sunan tsafi, sunan yakan riga shi isa duk garin da ya nufa.

Ran Talata da safe Inna ta ajiye masa koko ta tsaya a kansa. Ta ce, "Malam, ni ban san mutanen farko ba. Amma na san mai koɗa mini dutsen niƙa, ban kuwa taɓa ganin dutse ya fashe a hannunta ba." Baba ya ɗaga kai ya dube ta. Na san abin da ke ransa: shi da ake kira in kan jirgi ya gagara, ya je ya durƙusa gaban tsohuwa mai koɗa? Ya shanye kokonsa, ya sa hula, ya ce in zuba duwatsunsa a ƙwarya in biyo shi, don ba ya son barina a unguwa yara na jifana.

Muka tsallaka Sabon Gari. Can ba wanda ya san mu balle ya kauce mana, kowa na ta kansa, ga masu injin niƙa, ga masu gwanjo, ga yare iri-iri. A bayan kasuwa, wajen masu tukwane, muka sami tsohuwar a ƙarƙashin rumfar kara. Banufiya ce, kowa Iya yake ce mata. Tana riƙe da makoɗi, wani dunƙulallen dutse mai tauri kamar lemo, tana ɗan ƙwanƙwasa fuskar dutsen niƙa don ya yi kaushi ya ci hatsi. Baba ya gaishe ta ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta dubi girarsa, ta dubi duwatsun da na ɗauko a ƙwarya, ta yi tsaki.

"Da me ka buge su?"

"Da guduma, Iya."

"Mutanen naka na da, a wace kasuwa suka sayi guduma?"

Ta ture ƙwaryar gefe ta ci gaba.

"Kai ne mai gyaran jirgi? To Allah ya tsare matafiya. Zubar da waɗannan, duk ruɓaɓɓu ne."

Ta jawo wani buhu ta zazzage duwatsun rafi. Ta riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya tana bugawa da makoɗi kusa da kunnenta, tana jefarwa, har ta sami wani dogo mai ɗan faɗi wanda ya yi ƙara siririya. Ta ce wannan ba shi da tsaga a ciki, kuma ya riga ya yi rabin kamar abin da ake nema. Ta nuna masa yadda ake yi: ba sara ba ne, ɗan bugu ne ƙanana, wuri ɗaya, har dutse ya riƙa zubar da gari. In siffa ta fito, sai a koma kan tsohon dutsen niƙa, a zuba yashi da ruwa, a yi ta gogawa. Baba ya karɓa ya fara da sauri, ta buge masa hannu kamar yaro. "Dutse ba a yi masa tsawa, ɗan nan, lallashinsa ake yi. Wa ke korarka?" Baba ya ce, "Juma'a, Iya." Ta ce, "To Juma'ar ta zo ta same ka kana yi."

Kwana uku muka yi muna zuwa rumfar nan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Shi yana gogawa, ni ina zuba yashi da ruwa. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, ni na ga an yi, sai dai ban ga romo ba, jini na gani a cikin ruwan yashi. Ranar Alhamis da yamma bakin dutsen ya yi kaifi ya yi sumul, amma daga tsakiya zuwa gindi dutsen rafi ne kawai mai tabon makoɗi. Iya ta juya shi ta ce yana buƙatar wani makon. Ba mu da wani makon.

Bayan an sauko daga Juma'a muka nufi zauren mai unguwa, ina ɗauke da buta da ƙullin yashi, Baba na rungume da dutsen niƙan Inna. Zaure ya cika har waje. Aka fito da tsohon dutsen aka ajiye, Baba ya ajiye nasa a gefe. Kusa da juna, nasa abin kunya ne, karkatacce, rabi gyararre rabi ɗanye. Wani ya ce, "Wannan ai ɗan uwan gatarin ne na ƙauye." Ba wanda ya yi dariya sosai. Baba ya durƙusa ya goga a gabansu, ya ɗauki itacen girki ya sassare shi da bakin dutsen har ya rabu biyu.

Malam Tanimu ya miƙe, idonsa jajur don rashin barci. Ya ce, "Na ga ka yi naka. Wa ya ce wancan ma yin sa aka yi? Mai zane yana zana doki, ba shi ya halicci doki ba." Zaure ya ɗauki guna-guni, don maganar ta shiga. Baba ya daɗe yana kallon duwatsun biyu. Sai ya ɗauki tsohon ya juya gindinsa wajen hasken ƙofa, ya miƙa wa liman, wani dattijo mai raunin gani. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a shafa nan, sannan a shafa nawa." A gindin tsohon dutsen, inda gogawa ba ta kai ba, akwai 'yan ƙananan tabo cunkus, irin na makoɗi sak. Shekarun da Baba ya yi yana ajiye da shi bai taɓa lura da su ba, sai da hannunsa ya yi irinsu.

Liman ya shafa wannan, ya shafa wancan, ya sake komawa. Ya ɗaga tsohon ya ce, "Mai wannan ma ya gaji, ya bar gindin." Ya miƙa wa na kusa da shi, dutse biyu suka zaga zaure hannu zuwa hannu, har waɗanda da ba sa yarda inuwarsa ta taɓa su. Da suka iso wurin Malam Tanimu bai karɓa ba. Liman ya ce aradu baiwar Allah ce, ba ta da wani ubangiji a Fagge, wanda ya ce mutum na aikenta ya binciki imaninsa. Mai unguwa ya yanke cewa Isyaku na nan a gidansa, amma don a zauna lafiya, duwatsun biyu za a jefa su kududdufi. Baba ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Malam Tanimu, ya fasa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Makon jiya a nan na kira masu wannan aiki jahilai. Na janye, Allah ya yafe mini."

Daga ranar Baba ya canza. Har ya tsufa, in hira ta yi daɗi sai ya koma kan mutanen nan. Yakan ce hankali kyautar Allah ne, amma kamar ginin ƙasa yake tashi, sai sahu ɗaya ya bushe ake ɗora wani. Wani ya fara ɗaukar dutse ya fasa ƙwara ya jefar. Wani ya zo ya ce bari in ajiye shi saboda gobe, ranar nan gobe ta shiga kan ɗan Adam. Can wani ya dubi dutsen rafi ya hango gatari a cikinsa tun babu gatarin, ya yarda ya ba shi kwana goma na ransa. Wanda ya fi burge Baba shi ne wanda ya zaunar da ɗansa ya ce, ba haka ba, riƙe nan, don a ganinsa da ba a yi wannan ba, da kowa sai ya faro daga fari. Yakan tuna mana cewa ko binne mamaci, sai da hankaka ya nuna wa ɗan Adam. Da na shiga sakandare aka koya mana zamanin dutse, har da hotunan ƙoƙon kai iri-iri, na kawo masa littafin. Ya duba ya ce shi ba zai shiga gardamar asali ba, ya tsaya inda addininsa ya tsayar da shi. Ni ma a nan na tsaya har yau. Amma ya ɗora yatsa a kan hoton wani gatarin dutse ya ce, "Wannan dai na san ciwon bayansa."

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Jikokina suna tambayar waya abin da ba su sani ba, ta ba su amsa kafin su rufe baki. Na san da sai ya kwance bayanta ya ga abin da ke ciki. Amma a cikin wayar nan nake ganin an taru a kan wata baiwar Allah an ce mayya ce, ko an ce wani ya taɓa wani ya sace masa wani abu a jiki, kafin a tambaya an ɗauko taya da fetur. Maganar da ta kwana ɗaya kafin ta gama Fagge, yanzu kafin a tafasa shayi ta gama ƙasa. Mu an ba mu kwana bakwai, an sami dattijon da ya yarda ya sa yatsa ya shafa. Ina jin tsoro in na tuna cewa da yau ne, mai yiwuwa ba za mu sami ko sa'a ɗaya ba. Ina jin Baba zai ce kan jirgi ya yi nisa, amma akwai taragun da aka manta a tasha.

Bai bar mana gida mai bene ba, duwatsun ma suna ƙasan kududdufin da aka cike tuntuni aka yi shaguna a kai. Abin da ya bari shi ne ɗabi'ar nan ta cewa a kawo a gani, da kuma rashin jin kunyar durƙusawa gaban wanda ya fi ka sani, ko mai koɗa ce a bayan kasuwa. Na yi ƙoƙarin sa wa 'ya'yana ita, Allah ne ya san ko ta kama.

Malam Tanimu bai ƙara gaisawa da Baba ba sai bayan shekaru, ni kuwa a lokacin ba wannan ne ya dame ni ba. An bar mu a unguwa, mai ruwa ya dawo, amma ba yarinyar da ke zuwa zaurenmu. Asabe ta fara magana bayan kamar mako uku, kunnenta na hagu dai bai ƙara ji ba har ta koma ga Allah. Na san an gaya mata cewa ubana ne ya so kashe ta, na kuma san wasu ba su daina faɗa ba. Wata safiya ina shara a zaure na ga inuwa a bakin ƙofa. Ita ce, ta rame, an yi mata aski, ta tsaya daidai dokin ƙofa yatsun ƙafarta ba su haura ba. Na riƙe tsintsiya na kasa ko gaishe ta. Ta karkato mini kunnenta mai ji, ta yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa sosai.

"Rabi, Babanmu ya ce kada in ƙara taka gidanku. Amma bai ce kada ke ki fito ba."